A Sa Mata Cip Ne Ko A Yi Mata Hakin? Amsoshin Tambayoyin Masu Gem a Katsina

Kusan kullum sai wani ya shigo shago da PS, wato na'urar gem ta PlayStation, a cikin leda ko jakar makaranta, ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Oga, cip za a sa mata ko hakin za a yi?" Masu gidajen gem na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa su yi wannan tambaya, waɗanda ke tasowa daga Daura da Jibiya da Dutsin-Ma su ma ita ce a bakinsu. Na gaji da maimaita zance ɗaya, shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda. Ra'ayina kuwa ba ɓoyayye ba ne: muddin manhaja za ta buɗe na'ura, ba na kwance ko noti ɗaya. Amma akwai na'urorin da ba su jin magana sai an kai musu dalma.

Wai mene ne bambancin biyun?

Kowace na'urar gem tana fitowa daga kamfani a kulle. Ba ta karɓar gem ko wani shiri sai ta ga sa hannun kamfanin a jikinsa. Hanya biyu ce ake bi a wuce wannan makulli.

Ta farko ita ce ta manhaja, wadda yara ke kira hakin ko jelbirek. Ana neman kuskuren da masu rubuta manhajar na'urar suka bari, a bi ta nan a shigar da shirin da ba na kamfani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kayan aikin ba su wuce memori ko filashi ko wayar intanet ba. Ta biyu ita ce a buɗe cikin na'urar a liƙa ɗan ƙaramin cip a jikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikinta, da dalma da siraran wayoyi, shi kuma ya riƙa yi wa na'urar ƙarya duk lokacin da aka kunna ta, yana ce mata faifan nan na gaske ne, ko binciken nan an riga an yi shi.

Ƙofar manhaja kamfani na iya toshe ta da sabuntawa guda ɗaya. Cip kuwa yana zaune daram, amma kafin ya zauna sai an yi wa na'urar tiyata, kuma ba kowace ke tashi daga tiyata ba.

To wanne ya fi?

Juya na'urarka ka karanto mini lambar da ke jikin takardar bayanta, sannan ka shiga saitin ka faɗa mini lambar famwayarta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Waɗannan lambobi biyu su ne ke yanke hukunci, ba ni ba, ba kai ba. Na'urori biyu masu kama ɗaya kamar an tsaga kara, ɗaya ta buɗu cikin minti goma da filashi, ɗayar ko ka kwana a kanta ba za ta motsa ba.

Ina da PS2 a gidan gem. Free McBoot ko Matrix?

Nan ne maganar ta fi tsawo, don har yau PS2 ce ke ciyar da ƙananan gidajen gem da yawa a unguwanni. Tun shekarar 2000 ta fito, Sony ta sayar da fiye da miliyan 155, kuma sai farkon 2013 aka daina ƙera ta.

Da can cip ne sarki. Matrix Infinity da kwaikwayonsa irin su Modbo su ne suka cika kasuwa, kuma yawancin PS2 da ke zuwa mana na hannu da cip ɗinsu suke zuwa. Aikin sa shi ba wasa ba ne: wayoyi wajen ashirin ake liƙawa a kan maki masu ƙanƙanta kamar ƙwayar gero. Amfaninsa shi ne ka jefa faifan kwafi kawai ya tashi, na PS2 ne ko na PS1, na Turai ne ko na Japan.

Free McBoot kuwa a cikin memorin nan mai 8MB yake zaune. PS2 tana da ɗabi'ar leƙa memori idan an kunna ta, ko akwai sabuntawar da kamfani ya aiko. Wannan ɗabi'ar aka yi amfani da ita. Ka cusa memorin, na'ura ta buɗe; ka zare shi, ta koma yadda aka saye ta. Daga nan sai a ɗora Open PS2 Loader, wato OPL, wanda ke ɗauko gem daga filashi, ko daga rumbun ajiya da muke kira had dis, ko ta wayar sadarwa daga kwamfuta. Faifai ya fita daga lissafi gaba ɗaya, kuma a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina har cikin tukunya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne siririyar PS2 ta ƙarshe, mai lamba SCPH-9000x. Sony ta toshe wannan ƙofa a 2008. Duba ƙaramar lambar kwanan ƙira: masu 8C wasu na karɓa wasu ba sa karɓa, daga 8D zuwa sama kuwa Free McBoot ba ya tashi da kansa. Su ma akwai dabararsu, Fortuna ko OpenTuna, sai dai kullum sai ka shiga wurin duba memori ka fito kafin ta buɗe. A 2020 kuma wani mai bincike da ake kira CTurt ya fito da FreeDVDBoot, wanda ke shiga ta manhajar kallon bidiyo ta na'urar.

Aibin memori ɗaya ne, kuma duk mai gidan gem ya san shi: yana shiga aljihu. Wani abokin ciniki sau uku yana dawowa in sake haɗa masa, na huɗun da kansa ya zo da gam ya ce a liƙe shi a ramin. Cip ba mai sace shi. Duk da haka, idan PS2 ta zo mini ba cip, ba na sa mata. Idan ta zo da shi yana aiki, ba na cirewa.

Me ya sa bidiyon farkon gem ke tsinkewa idan daga filashi ne?

Ba laifin filashinka ba ne. Ramin USB na PS2 tsohon yayi ne, 1.1, gudunsa bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba, bai kai saurin faifai ba. Ƙwallo ba ta cika damuwa da wannan ba, amma gem mai yawan bidiyo sai ya riƙa in'ina. Mai babbar PS2 ya nemi adaftar baya ya sa mata had dis, shi ne mafi sauri. Mai siririya ya bi ta wayar sadarwa, ko ya nemi MX4SIO, wani ɗan kati da ke karɓar memorin waya ta ramin memorin gem. Cip ba ya maganin wannan matsala, ko da mai sayarwa ya rantse.

Ƙwallon PES na bana da nake gani a PS2 fa, daga ina yake?

Ba daga Konami ba. PES 2014 shi ne na ƙarshe da kamfanin ya fitar wa PS2. Duk wanda ka gani bayan nan, da sababbin 'yan wasa da rigunan bana, masu sha'awa ne suka ɗauki tsohon suka yi masa kwaskwarima. Na'urar da ba a buɗe ba ba za ta karɓe shi ba, kuma gaskiyar magana wannan ne dalilin da ya sa yawancin masu gidan gem ke zuwa wurinmu.

An ce cip na kashe idon na'ura da ke karanta faifai. Haka ne?

Ba cip ɗin kansa ba, faifan da yake ba ka damar sawa. Faifan kwafi, musamman mai araha, ba ya mayar da haske kamar na asali, sai idon ya riƙa wahala yana nema. A haɗa da ƙura da zafin watan Afrilu, da aiki daga hantsi har dare, ido ya gaji. Abin da cip ke kashewa da kansa shi ne fanel, idan hannun da ya sa shi bai ƙware ba: dalma ta zuba ta haɗe maki biyu, ko waya ta saki bayan wata shida saboda zafi. Na sha buɗe na'ura in tarar an riƙe wayoyin da salatif na takarda.

PS3 fa? Na ji ana cewa CFW, ana cewa HEN.

Tarihin PS3 shi ne ya fi nuna yadda abin ke juyawa. Ta fito a Nuwamban 2006, ta yi shekaru tana gagarar mutane. A Agustan 2010 wani ɗan filashi mai suna PS Jailbreak ya fara buɗe ta. A Disambar wannan shekara, a wani taro a Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta nuna cewa Sony ta yi katoɓara wajen sa hannun manhajojinta: lambar da ya kamata ta riƙa canzawa kowane lokaci, ita ɗaya aka yi ta maimaitawa. A Janairun 2011 wani mai hakin da ake kira George Hotz ya wallafa makullin sirrin da wannan kuskure ya tona, Sony ta kai shi kotu, daga baya suka sasanta.

Famwaya 3.55 ita ce ta ƙarshe da ƙofar ke buɗe. Duk wanda ya wuce ta, shekaru da yawa ba shi da mafita sai a kwance na'urarsa a maƙala mata E3 Flasher a dawo da ita baya. Mun ci kuɗin wannan aiki, ba ƙarya. Sai a ƙarshen 2017 PS3Xploit ya fito, aikin da ke cin yini ya koma abin da ake yi ta burauzar na'urar. Yau kusan babu dalilin kai wa PS3 dalma don buɗe ta.

CFW cikakkiyar famwaya ce da ke maye gurbin ta kamfani, tana nan ko an kashe an kunna. Tana hawa duk manyan PS3 na farko, da sirara masu lamba 20xx da 21xx, da wasu daga cikin 25xx. Masu 30xx da ta ƙarshen nan mai murfin zugewa ba sa karɓar ta, kuma wanda ya tilasta musu ya kashe su. Nasu shi ne HEN, wanda ya zo a 2019, ana danna shi duk bayan kunnawa. Ga mai buga ƙwallo bambancin daƙiƙu kaɗan ne.

Wani amfani da ba a cika faɗa ba: da manhajar webMAN za ka ga zafin na'urar da idonka, ka ƙara wa fanka gudu. Saitin Sony ya fi damuwa da kada fanka ta yi ƙara. Mu nan da zafi ke haura digiri 40 a bazara, gara ƙara da jana'iza.

Wani ya ce zai sa wa PS4 ɗina cip. In ba shi?

Tambaye shi sunan cip ɗin. Buɗe PS4 ta manhaja ake yi, kuma ya danganta da famwaya: an yi zamanin 5.05, aka yi 6.72, sai 9.00 a Disambar 2021 wanda ake cusa filashi na musamman, sai PPPwn na TheFloW a 2024 wanda ya kai 11.00 ta wayar sadarwa. Bayansu ma wasu sun biyo. Dukansu hali ɗaya gare su: da an kashe na'ura sun tafi, sai an sake. Abin da ake sayarwa da sunan cip yawanci ɗan ƙaramin allo ne irin ESP32 ko Luckfox, wanda ke maimaita wannan hakin ɗin da kansa don kada ka nemi kwamfuta. Yana da amfani, amma ba ya buɗe famwayar da ba ta buɗuwa.

A ƙasashen da wuta ke zama, mutum na barin PS4 a yanayin barci ya yi makonni bai sake hakin ba. Mu kuwa ka san yadda take.

Babban abin kiyayewa shi ne sabuntawa. Yaro ɗaya ya danna "eh" ya isa ya rufe maka ƙofa, kuma ba a dawowa baya ta manhaja. Akwai aikin dalma mai wuya da ke iya mayar da ita famwayar da ta baro ta ƙarshe kawai, ba wadda ka ga dama ba.

Xbox fa? An ce ita dole sai cip.

A kan Xbox 360 maganar na da ƙamshin gaskiya. Da farko famwayar abin karanta faifai ake canzawa don ya karɓi kwafi. A 2009 aka samu hanyar JTAG, amma sai tsofaffin da famwayarsu ba ta wuce lamba 7371 ba. A 2011 hanyar RGH mai amfani da cip ta zo, kuma dabararta abin mamaki ce: ana rage wa ƙwaƙwalwar na'urar gudu daidai lokacin da take binciken sa hannu, a ɗan zungure ta da wuta na ƙiftawar ido, sai ta ruɗe ta ce komai daidai ne. Shi ya sa wata ke tashi nan take, wata sai ta yi ta gwadawa. RGH3 na 2021 ya rage aikin zuwa wayoyi biyu ba tare da cip ba, amma dai sai an kwance, sai an yi dalma. Fanel na ƙarshe da ake kira Winchester ba ya karɓar RGH. A 2025 aka fito da BadUpdate, hanyar filashi zalla, sai dai ba kullum take kamawa a karon farko ba, kuma tana gushewa da an kashe. Ga gidan gem da yara ke layi, har yanzu RGH nake ba da shawara.

Xbox ta farko, baƙar nan ta 2001, ba ta yi yawa a nan ba, amma darasinta na da kyau. Ana buɗe ta da gurɓataccen ajiyayyen wasa na wasu gem irin su MechAssault da Splinter Cell. Matsalar ita ce had dis ɗinta a kulle yake da makullin da ke cikin fanel. Idan ta manhaja aka buɗe ta, had dis ya mutu, kai kuma ba ka kwafi makullin ka adana ba, ka shiga uku. Mai cip kuwa sai ya sa sabo ya ci gaba. A kan wannan na'ura aka fara XBMC, shirin kallon bidiyo da yau ake kira Kodi.

Wii da Switch na Nintendo fa?

Wii manhaja kawai, katin memori ya wadatar. Switch kuwa ta rabu biyu. Na farkon da suka fito daga Maris 2017 zuwa tsakiyar 2018 suna da kuskure a cikin ƙwaƙwalwar Tegra X1 kanta, wanda sabuntawa ba ta iya gyarawa. Waɗanda suka biyo baya, da Lite da OLED, sai cip irin Picofly, kuma makinsa sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Kada ka ba wanda bai taɓa yi ba ya koya a kan taka.

Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki fa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ba mai yin ta. Mutane na ɗauka hanyar manhaja ba ta da haɗari tunda ba a taɓa ƙarfe ba. A PS2 haka ne, iyaka memori ya lalace a sake. A PS3 kuwa akwai 'yan mintunan da ake rubutu a cikin ma'ajiyar da na'ura ke tashi da ita. Wuta ta ɗauke a wannan gaɓa, na'ura ta zama bulo, kuma abin dariyar shi ne ba mai ceto ta sai wancan aikin dalma da aka guje wa. Ya taɓa faruwa da ni a farkon koyo, janareto ya shanye mai ana tsaka da rubutu, na biya mai kaya daga aljihuna. Tun ranar ba na fara irin wannan aiki sai a kan inbata, kuma sai na kwafi ma'ajiyar na ajiye tukuna. Ka tambayi mai gyaranka ko yana yin haka, ka kuma karɓi kwafin naka.

Za a iya mayar da ita yadda take?

Ta manhaja, galibi eh. Ta cip, ana iya cirewa, amma tabon dalma da yagaggen hatimi suna nan. Garanti kuwa duka biyun sun kashe shi, ko da yake na'urar da ta biyo ta Alaba ko Kano a matsayin ta hannu ba wani garantin kamfani da ya rage mata.

Zan iya buga wasa da mutane ta intanet bayan an buɗe ta?

Kada ka gwada da akawun ɗin da kake ji da shi. Sony da Microsoft da Nintendo duk suna toshe na'urar da suka gano, wani lokaci har da akawun da duk abin da aka saya a ciki. A Nuwamban 2009 Microsoft ta toshe ɗimbin Xbox 360 a lokaci guda. A PS4 ma zancen bai taso ba, don shiga dandalin Sony na buƙatar sabuwar famwaya, hakin kuma na buƙatar tsohuwa. Mai son FIFA ta intanet ya bar tasa a kulle.

Malam, doka ta yarda da wannan?

Kada wani ya ce maka Najeriya ba ta da doka a kai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta hana ƙetare makullin fasaha da aka sa don kare aikin wani, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke kula da ita. Amurka na da irinta tun 1998. A can ne aka yanke wa Gary Bowser na ƙungiyar Team Xecuter ɗaurin wata 40 a 2022 kan sayar da kayan buɗe Switch, da biyan Nintendo miliyoyin daloli.

Akwai masu buɗe na'ura don adana faifan da suka saya da kuɗinsu, ko ceto wadda idonta ya mutu, ko gwada shirin da suka rubuta da kansu. Akwai kuma loda gem ɗari da ba a biya ko kwabo ba. Ba abu ɗaya ba ne, kuma cip ko manhaja ba ya canza hukuncin na biyun.

Zan sayi ta hannu wadda aka riga aka buɗe. Me zan duba?

Ka sa a kashe ta gaba ɗaya, a zare wayar wuta, a sake kunnawa a gabanka, don ka ga abin da ke tsayawa da abin da ke gushewa. Idan mai cip ce, a yi haka sau biyar. Ka bar ta tana aiki rabin awa ka saurari fanka. Ka duba notuna ko sun sha sukundireba.

Sannan ka karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta. Babbar PS2 'yar Japan wuta 100 take sha, 'yar Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Wani bawan Allah ya taho tun daga Daura da irin wannan, ɗan'uwansa ya aiko masa, yana tambaya cip ko hakin. Kafin in ɗago kai yaron shago ya riga ya jona ta a soket.